Kati Ɗaya, Layi Biyar: Yadda Yaran Ajinmu Suka Fara Rubuta Wa Zariya



Duk wanda ya tashi a ƙasar waje cikinmu ya san wannan abin. Ranar Lahadi da yamma Umma ta kira gida, ta gama hirarta, sai ta miƙo maka waya ta ce, "Ungo, gai da Hajiya." Ka karɓa, ka ce ina wuni, ka ce lafiya lau, ka ce makaranta alhamdulillahi. Daga nan kuma tsit. Hajiya tana can tana zuba zance tana tsokanarka, kai kuwa sai "eh" da "to" da dariyar yaƙe, kana Allah-Allah a karɓi wayar. Ni dai haka na taso, kuma har na shiga jami'a abin bai daina ba ni kunya ba.

Shi ya sa da aka nemi masu taimakawa a ajin Hausa da iyayenmu suke yi wa yara ran Asabar a nan Manchester, na ce zan gwada. Yara 14 aka ba ni, daga masu shekara 7 zuwa masu 11. Gaskiya watannin farko ba su yi armashi ba. In koya musu ranakun mako da ƙirge da sunayen launuka, su haddace ran Asabar, kafin Litinin an watsar. Rannan wani yaro ɗan shekara 9, irin waɗanda ba sa ɓoye abin da ke ransu, ya tambaye ni da Turanci wai me zai yi da Hausa, tunda duk wanda ya sani yana jin Ingilishi. Na so in yi masa faɗa. Amma da na koma ɗaki na zauna, sai na ga ai yaron bai yi ƙarya ba. Iyayensa suna jin Turanci, abokansa Turanci, mu masu koya masa ma da mun fita daga aji Turanci muke yi. Ba shi da sa'a ko ɗaya a duniya da zai buƙaci Hausa kafin su yi hira.

To, wannan sa'an na tashi nema masa.

Dabarar ta zo min ne daga wata tsohuwar jakar Baba. Muna gyaran ɗaki na ci karo da tarin wasiƙun da aka riƙa aiko masa daga gida lokacin da ya zo karatu, wasu a siririyar takarda shuɗiya ta jirgin sama, wasu kuma katuna masu hoto. Ya zauna ya yi ta ba ni labarin katin zaɓi sonka na zamaninsu: ka sayi kati, ka jera sunayen duk waɗanda kake son gaisarwa, ka aika gidan rediyon Kaduna, sannan ka kasa kunne kana jiran ranar da za a karanto sunanka. Ya ce haka mutane suka yi ta aika tambayoyi Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe tun 1957, ana amsa musu ta rediyo. Ashe mu jikokin masu aika gaisuwa a kati ne, ba mu sani ba.

Ƙanwar Baba tana koyarwa a wata makarantar firamare a Zariya. Na kira ta na ce, "Gwaggo, in yarana suka rubuto wa naki kati, za su ba da amsa?" Ta yi dariya ta ce, "Ke dai ki aiko, 'yar nan, mu ga irin Hausar da kuke yi a can."

Kafin mu fara, na ɗan ba yaran tarihin abin da za su riƙe a hannu. Ranar 1 ga Oktoba 1869 aka fara sayar da katin gidan waya a daular Ostiriya da Hangare, bisa shawarar wani malamin tattalin arziki mai suna Emanuel Herrmann. Hujjarsa ita ce yawancin saƙon mutane gajere ne, bai kai a ɓata takarda da ambulan ba. Ingila ta bi sahu a 1870. Na farkon babu hoto, gefe ɗaya adireshi, ɗaya gefen saƙo. Sai a 1902 aka yarda a nan Birtaniya a raba bayan kati gida biyu, hagu saƙo, dama adireshi, gaban kuma ya zama na hoto. Abin da ya sa kati yake iya tsallaka iyaka kuwa shi ne yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Bern a 1874, wadda ta haifi ƙungiyar gidajen waya ta duniya mai ƙasashe 192. Ka biya sau ɗaya a ƙasarka, sauran ƙasashen su ɗauki nauyin isar da saƙonka. Nijeriya ta shiga cikinta a 1961.

Duk wannan bai dame su ba kamar sunan kan sarki. Na nuna musu ɗaya na ce ga sunansa da Hausa, saboda zamanin Turawa kawunan sarakunan Ingila ne a jiki. Suka duba na hannunsu, ga kan Sarki Charles nan, wanda aka fara bugawa a 2023. Ihu suka yi, wai Hausa ta faɗi gaskiya. Wannan kalma ce ta farko da ban sake maimaita musu ba.

Zagayen farko: yadda na kwafsa

A watan Oktoban 2024 muka yi na farko, kuma ni na ɓata shi da hannuna. Na je kanti na sayo katuna 14 masu hoton gari, kowane yaro ya rubuta, kowane kati na manna masa nasa kan sarkin. Kuɗin ya tasam ma fam 40, don a lokacin kan sarkin ƙasar waje guda ɗaya ya kusa fam 3, a 2025 ma ya haura haka. Gwaggo ta ce in jira ta turo min lambar akwatin gidan waya da za a yi amfani da ita. Zumuɗi bai bar ni na jira ba. Na rubuta sunan makaranta da unguwa da Zariya, na jefa a akwati. Na manta cewa a wurare da yawa a gida ba a bin ƙofa-ƙofa ana raba wasiƙa kamar nan, mai akwati shi ke zuwa ya buɗe ya kwashi nasa.

Bayan mako 7, tara suka isa. Biyar har yau shiru.

Da a ce takarda ce kawai ta ɓata da sauƙi. Matsalar ita ce Gwaggo ta riga ta faɗa wa kowane yaro sunan abokinsa na Ingila. Ranar da ta raba katunan, tara suna ta murna suna nuna wa juna, biyar suna zaune suna kallo. Ta kira ni da dare ta ce, "Ke 'yar nan, kin san abin da kika jawo min kuwa? Akwai wadda tun safe take kuka, ta ce ƙawarta ta ƙi ta." Wallahi ranar ban yi barcin kirki ba.

Sai kuma ta biyu ta ɓullo. Ban taɓa tunanin wa zai biya kuɗin amsa ba. A kusa da makarantarsu babu inda ake sayar da irin waɗannan katuna, kuma ba a ce iyayen yara su ciro kuɗin aika saƙo Turai daga kuɗin cefane ba. Gwaggo ce ta yi shiru ta biya daga albashinta. Sai daga baya Baba ya ji, ya kira ni ya ce, "In za ki ƙulla zumunci, ki fara duba wanda nauyin zai faɗa wa."

Yadda muke yi yanzu

Daga nan muka zauna, ni da Gwaggo da wasu iyaye biyu, muka sake tsari. Ga shi nan, ko wani zai amfana.

Ambulan ɗaya muke yi. Duk katunan aji suna shiga ciki, daga hannun babba zuwa hannun babba. Ko su isa gaba ɗaya, ko su makara gaba ɗaya, babu yaron da zai zauna yana kallon 'yan uwansa. Kuɗin ma ya ragu ƙwarai. In akwai mai tafiya gida da muka yarda da shi, mukan ba shi a hannu. Amma aƙalla sau ɗaya a shekara muna bi ta gidan waya da rajista, don yaran suna son ganin kan sarkin Nijeriya da hatimin da aka buga a kai.

Kafin a rufe ambulan ina ɗaukar hoton kowane kati, gaba da baya, kuma ina da littafin da nake rubuta wa ya rubuta wa wa, da ranar da aka aika. Kullum akwai katuna biyu na ko-ta-kwana da aka rubuta wa aji baki ɗaya, saboda yaron da abokinsa bai zo ba ranar rubutu, ko ya canza makaranta.

Mun daina sayen kati. Kwali muke saya mai ɗan kauri, girman takardar rubutu, mu yanka shi gida huɗu, kowane ya fito santimita 10.5 da 14.8, daidai girman katin kanti. Yara su zana gaban da kansu. Iyayen nan suke haɗa kuɗin kwali da fensir mai kala da na aikawa na ɓangarorin biyu, a tura wa Gwaggo ta saya a can. Su kuma nasu gudummawar ita ce lokacin malama da na yara, wanda ba ƙaramin abu ba ne.

Sau uku muke yi a shekara, zango ɗaya zagaye ɗaya. Mun gwada kowane wata, muka ga wahala ce kawai, ga jarrabawa, ga hutu da ba ya zuwa lokaci ɗaya, ga ni da nawa karatun. Gara uku da za a cika da goma da za a yi alkawari a saɓa.

Sai maganar tsaron yara, wadda ba ma wasa da ita. Kati a buɗe yake, duk hannun da ya bi zai iya karantawa. Don haka sunan yanka kawai da shekaru. Ba sunan mahaifi, ba adireshin gida, ba lambar waya, ba hoton yaro. Kowane uba ko uwa sun sa hannu a takardar amincewa. Ni ina karanta duk katin da zai fita da wanda ya shigo, Gwaggo ma haka. Amfanin wannan ya fito a zagaye na uku, da Gwaggo ta ga wani kati da aka ƙara masa layi a ƙasa da rubutun babba, da lambar waya, ana neman a taimaka da hanyar zuwa Turai. Yaron ya tafi da katin gida ne ya ƙarasa zane. Ta ba shi sabo ya sake, kuma tun daga ranar a aji ake gama komai.

Namu ɓangaren ma yana da nasa abin kunyar. Wata yarinya ta tambayi ƙawarta wai suna da ruwan sha kuwa, kuma a cikin gida suke kwana? Wani kuma ya cika katinsa da lissafin kayan wasan da aka saya masa. Ban ga laifinsu ba, abin da suke gani a tallan neman taimako ke nan a talabijin. Muka zauna na nuna musu hotunan Zariya, fadar Sarkin Zazzau, Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe tun 1962, kasuwa, ganuwa. Na ce wanda kake rubuta wa abokinka ne, kuma ya fi ka Hausa nesa ba kusa ba, kai ne mai neman taimako a nan. Dokarmu ta zama: ba kyauta, ba roƙo, ba alfahari. Kati ya tafi, kati ya dawo.

Abin da ke cikin layi biyar

Kati ƙarami ne, kuma ƙanƙantarsa ce ta cece mu. Ka ba yaron da Hausarsa ba ta nuna ba farar takarda ka ce ya rubuta wasiƙa, zai tsorata. Layi biyar kuwa kowa zai iya: gaisuwa, sunana da shekaruna, abu ɗaya da na yi a makon nan, tambaya ɗaya, sai sallama. Na huɗun shi ne ƙashin bayan abin, don tambaya ita ke jawo amsa. Mun kuma bar wa yaran Zariya damar ƙara layi ɗaya da Turanci, namu su amsa shi da Turanci, don kowa ya samu abin da zai ƙaru da shi. Gwaggo ta ce nata ma sun amfana ta wajen Hausar, don iya magana daban, iya rubutawa daidai daban.

Namu suka zana jirgin ƙasan cikin gari mai launin rawaya, da ƙudan zuman da yake tambarin Manchester, da ruwan sama, ruwan sama, ruwan sama. Na Zariya suka zano dutsen Kufena, da itatuwan rimi, da a-daidaita-sahu, da dawakin hawan Sallah. Kusan rabinsu kuma tambayarsu ɗaya ce: ka taɓa shiga Old Trafford? Sai ga shi yaran da suke kwana mil kaɗan daga filin ba su kai na Zariya sanin sunayen 'yan wasan ba.

Ba na cika gyara musu kuskure kafin a aika, sai wanda zai hana a gane. Wata yarinya ta rubuta cewa sun yi "baki" a gidansu, tana nufin baƙi. Na gani na ƙyale. Da amsa ta zo, ƙawarta ta sake rubuta kalmar a gefe da jan biro, ta yi wa ƙ ɗin lanƙwasa ƙatuwa, ta zana mutane uku da jakunkuna a ƙofar gida. Na yi wata uku ina fama da su a kan ɓ da ɗ da ƙ. Mu kanmu manya a waya ba ma sa su, sai mu bar mai karatu ya yi canke. Jan biron yarinya 'yar aji huɗu ya yi abin da na kasa.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na azumin 2025. Wani yaro daga Zariya ya tambayi abokinsa wane tashe suke yi a unguwarsu. Babu ko ɗaya a ajina da ya san tashe. Na ce kowa ya je ya tambayo a gida. Asabar ta gaba sai ga wani uba, mutum mai kamewa wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya biyo ɗansa aji. Ya ba su labarin yadda suke fita bayan an sha ruwa in azumi ya kai goma, a yi shigar tsoho da gemun auduga, a bi gida-gida ana wasa ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Kafin a ankara ya tashi ya kama sanda yana gwada musu tafiyar tsohon. Ɗansa ya saki baki yana kallonsa. Daga baya matarsa ta ce min shekararsu 15 a ƙasar nan, bai taɓa ba yaran wannan labarin ba, don ba wanda ya tambaye shi.

Wata uwa 'yar Damagaram ta haɗa mu da wani aji a can, muka yi zagaye ɗaya na gwaji. Katunan suka zo da "lakwal" a maimakon makaranta, da "mushe" a maimakon malam. Yarana suka ce kuskure ne. Na ce a'a, su Faransanci suka ara kamar yadda mu muka ari "fensir" da "biro". Ranar suka fara gane cewa Hausa ta fi garin babansu faɗi.

To, me ya hana a yi ta waya?

Kusan duk wanda na ba labarin nan sai ya yi min wannan tambayar, tunda ga WhatsApp kyauta. Kuma gaskiya ne wasiƙa tana ja da baya a duniya, har babban kamfanin gidan waya na Denmark ya ba da sanarwa a watan Maris na 2025 cewa zai daina raba wasiƙu a ƙarshen shekarar. Mun gwada kiran bidiyo sau ɗaya. Aka yi ina wuni, aka yi lafiya lau, sai kowa ya noƙe, layi yana yankewa. Irin shirun nan dai na wayar Hajiya. Magana baki da baki tana son amsa nan take, yaron da yake lalubo kalma kuwa lokaci yake so. Kati yana ba shi mako guda ya tambayi Umma, ya goge, ya sake. In amsa ta zo kuma abu ne na riƙewa a hannu. Na shiga gidaje uku na ga katunan Zariya manne a jikin firij.

Masu son yaransu su karɓi kati daga ko'ina a duniya, akwai tsarin Postcrossing da wani ɗan Fotugal, Paulo Magalhães, ya kafa a 2005: ka aika wa wanda aka zaɓo maka, wani daban kuma ya aiko maka. Yana da kyau wajen sanin ƙasashe, in babba ne yake riƙe da ragamar. Sai dai ba kai ke zaɓen wanda za ka rubuta wa ba, kuma yawanci da Turanci ake yi. In Hausa kake so yaro ya rubuta, sai ka nemi naka ajin da kanka.

Kuma ba wuya. Ku na Landan da Jidda da Kumasi da Amurka, kowannenku yana da gwaggo ko kawu ko yaya da ke koyarwa a wani wuri. Abin da ake buƙata babba ɗaya mai riƙon amana a kowane ɓangare, da kwali, da almakashi, da haƙuri. Ku fara da yara kaɗan. Ku tabbatar da adireshi kafin ku jefa komai a akwati, kada ku yi irin tawa. Kada kuma ku faɗa wa yaro sunan abokinsa sai katin yana hannunku.

Yaron nan da ya tambaye ni me zai yi da Hausa, Allah ya haɗa shi da wani ɗan United na gani-kashe-ni, shi kuma ɗan City ne. Yanzu kafin kowane zagaye sai ya zo da 'yar takardarsa yana tambayata kalmomin tsokana. Ya koyi "lallasa", ya koyi "cika baki", kwanan nan kuma ya tambaye ni bambancin "za ku gani" da "kwa gani". Sai da na kira Baba kafin na iya ba shi amsa.

Ni ma na saka nawa katin a ambulan na ƙarshe, zuwa ga Hajiya. Ajami take karantawa, don haka Gwaggo ce ta karanta mata. Saƙon da ta aiko min shi ne wai ashe kishiyar tata ta iya magana, to ta ji, amma layi biyar rowa ce, a ƙaro. Ina nan ina haɗa na gaba.

Wanda ya gwada a garinsu, ya rubuto ya ba mu labarin yadda ta kaya. Allah ya bar zumunci. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.